Wuyana da 'yan inshora

Alhamis, 10 ga Oktoba 2024

Toh, tsautsayi dai baya wuce ranarsa. Shekaranjiya Talata wajen ƙarfe takwas da kwata na safe na taso daga aikin dare a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, ina tsaye a danja kan Foleshill Road nan Coventry a Ingila, ja ce ta tsayar dani, ana ɗan yayyafi, ni dai tunanina bai wuce shayi da katifa ba, sai ji nayi gammm ta baya. Kaina yayi baya ya dawo gaba kafin ma in gane me ake ciki. Wani yaro ne bature da farar motar kaya, ya fito jikinsa na rawa yana ta ban haƙuri, wai ƙafarsa ce ta zame daga birki.

Abin da ya fara ce min bayan ban haƙurin shine in karɓi fam 300 a hannu mu sasanta a nan, kada a sa inshora a ciki. Kuma wallahi saura kaɗan in karɓa, don irin tarbiyyar da muka taso da ita kenan, a Zariya in an goge ka ai a gefen titi ake ƙarewa, mutane su taru, a ce kai ka yi haƙuri kai kuma ka kawo wani abu na mai gyara, shikenan kowa ya kama gabansa. Bamba ce kawai na ga ta lotsa da fitila ɗaya, jikina kuma garau nake jinsa. Abin da ya hana ni, but ɗin motar yaƙi rufuwa, nace a raina wannan ta wuce fam 300. Sai na ɗauki hoton lambarsa da motocin biyu da danjar, ya bani sunansa da adireshi da kamfanin inshorarsa, wata mata da ke tsaye a wajen bas ta bani lambarta tace ta ga komai.

Ranar nan ba abin da naji sai ɗan ciwon kai. Jiya da asuba ne jiki ya faɗa min gaskiya. Na zo tashi wuya yace bai san zance ba, ya sanƙare kamar an ɗaura min itace daga ƙeya zuwa kafaɗa, sai da Maman Khalifa ta tallafo kaina sannan na zauna. Na kira 111, layin neman shawarar lafiya na gwamnati, suka yi min tambayoyi, ko hannu na yin sanyi, ko ina ganin jiri, nace a'a, suka ce in ga likitanmu na unguwa. Na kuma kira inshorata na sanar dasu, don a nan ko ba kai ne da laifi ba dole ka faɗa musu.

Na sa wa raina zan riƙa rubuta yadda ake ciki, don wani babban yayanmu a nan yace min abu ɗaya: duk abin da baka rubuta ba, a ƙasar nan bai faru ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na ga likita ranar Juma'a. Tace abin da suke kira wiflash ne, wato sunan daga fizgar bulala aka samo shi, yadda kai ke yin baya ya dawo gaba da ƙarfi har jijiyoyi da naman wuya su gurɗe. Ni dai da Hausa targaɗen wuya zan kira shi. Nace ba za a yi min hoto ba? Tace ba buƙata, irin wannan ba a ganinsa a hoton ƙashi, kuma ba alamar karaya. Kuma ta hana ni saka wannan abin da ake ɗaura wa wuya, wai yana ƙara sanƙarar dashi ne, in riƙa motsa shi a hankali, in sha maganin ciwo, yawanci cikin wata biyu zuwa uku yake warkewa. Ta rubuta min wani magani, fam 9.90 na biya, na adana rasit.

Inda abin yafi taɓa ni sallah ce. Ruku'u da sauƙi, sujada in zan ɗago sai na ciji leɓe, amma sallama ita ce jarabawar, dama ina ɗan iya waigawa, hagu kuwa sai dai in juya da kafaɗa gaba ɗaya kamar fanka. Khalifa har kwaikwayona yake yi yana dariya, uwarsa ta kusa zane shi nace ƙyale shi ai gaskiya ya gani.

Aiki kam ba maganarsa, aikinmu juya tsofaffi ne da ɗaga su da tura keke. Kwana bakwai na farko kai da kanka kake cike takardar cewa baka da lafiya, bayan nan sai da takardar likita. Kuɗin jinya na doka a 2024 fam 116.75 ne a sati, kuma kwana uku na farko ba a biya a lokacin. Da farko har tsoron karɓa nayi saboda abin da ke rubuce kan bizarmu na cewa ba mu da rabo a tallafin gwamnati, sai da na duba na ga wannan baya cikin jerin, haƙƙin ma'aikaci ne.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Yau aka yi ta da gida. Ban so Hajiya taji ba amma ina, Maman Khalifa ta gaya wa ƙanwata, ƙanwata kuma rediyo ce. Hajiya ta kira a bidiyo, barka da arziki, Allah Ya tsare gaba, sai tace ba maɗori ne a garin ya ja min wuyan? Nace Hajiya a nan in mutum ya taɓa min wuya ba lasisi ai sai kotu. Tace toh a gasa min da ruwan zafi a shafa man zafi. Wannan kam ana yi.

Da na ce zan nemi diyya wajen inshorar yaron sai ta yi shiru, can tace "Kai da Allah Ya tsallakar da kai, me kuma na jan magana? Ka yafe mishi mana, ɗan mutane bai yi da gangan ba." Yaya ma da ya karɓi wayar abin da yace kenan, wai kada in je in jawo wa kaina ido a ƙasar mutane. Nace Yaya ba daga aljihun yaron zai fito ba fa, abin da yake biyan inshora dominsa kenan duk shekara. Amma na fahimce shi, don mu a gida inshorar mota takarda ce kawai ta nunawa a shingen hanya, tun Janairun 2023 aka mai da ita naira 15,000 daga 5,000, kuma ni dai a cikin duk masu motar da na sani ban taɓa jin wanda ya je ya nemi ko sisi da ita ba.

Maganar Hajiya ta tsaya min a rai, don haka bayan Juma'a na tsaya na tambayi wani malami ɗan Sudan da muke sallah tare. Yace min wanda aka yi wa rauni ko da bisa kuskure ne yana da haƙƙi, shari'a ta san diyya ta san arshi wato diyyar rauni, raunin da ba a yanka masa adadi ba kuma masana ne ke ƙiyasta shi, har ya ja min ayar Suratun Nisa'i ta 92 inda aka wajabta diyya a kisan kuskure sai dai in dangi sun yafe. Yafewa falala ce, karɓa kuma ba laifi. Sai ya riƙe hannuna yace amma ka ji tsoron Allah, iya abin da ya same ka zaka faɗa, ko kwana ɗaya ka ƙara a kan ciwon nan to abin da ya hau kai ba naka bane.

Na kira Hajiya na gaya mata, tace toh tunda malam ya faɗa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na shigar da buƙata yau, da kaina, ba lauya. Akwai shafin da gwamnati ta sa aka buɗe tun 31 ga Mayu 2021, sunansa Official Injury Claim, na waɗanda suka ji ƙaramin rauni a haɗarin mota a Ingila da Wales, in kuɗin raunin bai wuce fam 5,000 ba kuma jimillar komai da komai bata wuce fam 10,000 ba. Kyauta ne. Masu tafiya a ƙasa da masu keke da masu babur ba nan suke bi ba, su tsarinsu daban. Ya ɗauke ni kusan awa biyu saboda duk minti goma sai na tashi na miƙe wuya. Suna tambayar lambarka ta inshorar ƙasa wadda ake aiki da biyan haraji da ita, lambar motar da ta buge ka, yadda abin ya faru, ina da ina ke ciwo, ko ka saka bel. Wannan ta bel ɗin ba banza suke tambaya ba, in baka saka ba ana iya zaftare maka kashi 15 ko 25 cikin ɗari. A ƙarshe ka sa hannu kan cewa duk abin da ka faɗa gaskiya ne.

Yanzu bari in kashe wa masu mafarki guiwa kamar yadda tawa ta mutu. Ni ma labarin da nake ji a wajen mutane shine in aka buge ka ta baya a Ingila ka warke, ana ba da dubban fam. Wataƙila da can. Dokar 2018 ta zo ta yanka farashi kamar na kanti, gwargwadon tsawon lokacin da ciwon ya ɗauka. A farashin 2024, in bai wuce wata uku ba fam 240. Wata uku zuwa shida 495. Shida zuwa tara 840. Tara zuwa shekara 1,320. Haka yake hawa har zuwa shekara biyu inda ya tsaya a 4,215. In akwai 'yar firgita ko tsoron shiga mota a haɗe sai a ɗan ƙara, misali 240 ta koma 260, 840 ta koma 895. Wato mutum yayi wata uku yana juyi kamar fanka a bashi abin da bai kai rabin kuɗin hayan ɗaki ba. Dalilinsu wai ƙarya tayi yawa a harkar kuma ita ke sa kuɗin inshora tsada wa kowa. Ko ma dai menene, masu gaskiya ne suka kwana a ciki.

Amma asarar albashi da kuɗin magani da na mota daban ake lissafa su, a kan wancan ake ɗorawa, shi yasa na samo wani ambulan na rubuta WUYA a bayansa, duk wani rasit can yake shiga. Inshorar yaron suna da kwana 30 na aiki su ce sun amsa laifi ko basu amsa ba, in suka yi shiru har wa'adin ya cika to an ɗauka sun amsa. Doka ta ba mutum shekara uku daga ranar haɗari, amma ban ga amfanin jira ba tunda mutum mantuwa yake.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na koma aiki tun 23 ga wata, sati biyu cif nayi a gida, duti bakwai na rasa. Manaja ta sa ni ɓangaren da ba ɗaga mutane sosai, Allah Ya saka mata. Mota kuma inshorar yaron sun ce gyaranta yafi kuɗinta, sun biya ni na sayi wata tsohuwar Honda Jazz irin wadda na rasa, wannan babin ya rufe, ba ruwansa da maganar wuya.

Kira kuwa kamar na ci bashi. Bansan inda suka samo lambata ba, kullum sai wani ya kira wai ya ji nayi haɗari, zasu tsaya min, in ba a ci nasara ba ba zan biya komai ba. Na tsaya na saurari ɗaya, nace in an ci fa? Yace kashi 25 cikin ɗari na abin da aka bani. Nace malam a cikin ɗari takwas ɗin? Tunda a ƙananan ƙararraki irin wannan inshora bata biyan kuɗin lauyanka, daga naka za a cira. Ban ce lauya bashi da amfani ba, in an musanta laifi ko raunin babba ne ni ma da gudu zan neme shi, amma mutum na tsaye a jar danja an daki bayansa ga hoto ga shaida, me lauya zai faɗa wanda ban iya faɗa ba.

Wanda yafi bani ciwon kai wani abokina ne da muke aiki tare, ɗan ƙasarmu, ba zan faɗi jiharsa ba kada a yi rigima. Ya zaunar dani lokacin hutu yana koya min karatu, wai in na je wajen likitansu in ce bana barci, in ce baya da gwiwa da kunne duk sun taɓu, kada in yarda in juya wuya ko kaɗan, kuma in ce madam da yaro suna cikin motar. Nace ni kaɗai ne fa, daga aikin dare. Yace wa ya sani? Nace yaron da ya buge ni ya sani, matar bas ta sani, kyamarorin titi sun sani, Allah Ya sani. Kuma akwai dokar 2015 da tace in kotu ta gano ka yi ƙarya a gundarin maganarka to har gaskiyar da ke ciki ka rasa ta, ga kuɗin shari'a a kanka, ana ma iya kai mutum gidan yari. Ni da nake zaune kan bizar aiki da iyali in je in sayar da zamana a kan fam dubu biyu? Yace ni bagidaje ne. Na amsa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Sun amsa laifi, ɗari bisa ɗari. Saƙo ne ya shigo ta imel cewa in duba shafin. Saura rahoton likita, don doka ta hana su yi maka tayin kuɗi kan wiflash ba tare da rahoton ba, kuma ba likitanka na unguwa bane zai rubuta, akwai tsarin da ake kira MedCo da ke fito maka da 'yan sunaye ka zaɓi ɗaya, don kada kowa ya kawo likitan gidansu. Tunda sun amsa laifi su zasu biya kuɗinsa. Na zaɓi wanda yafi kusa, an bani 12 ga Disamba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na yi zaton wani babban asibiti zan je, ashe ɗan ɗaki ne da aka kama haya a wani bene, kujeru huɗu a waje duk mutane riƙe da wuya, wani kam yadda yake nishi sai ka ce yanzu aka zaro shi daga ƙarƙashin tirela, Allah Ya sa dai gaskiya ne. Aka duba fasfo ɗina, na shiga, ko minti ashirin ban yi ba.

Yace in duba sama, ƙasa, dama, hagu, ya danna kafaɗa, yace daga ɗaya zuwa goma nawa ciwon yake. Nan karatun abokina ya faɗo min a rai, kuma ba zan ɓoye ba shaiɗan ya ɗan raɗa min, don wata biyu sun wuce kuma na samu sauƙi sosai, ina ganin in nace da sauƙi shikenan 240 za a manna min. Nayi a'uziyya na faɗi yadda yake: satin farko takwas, yanzu uku zuwa huɗu, in nayi dutin awa goma sha biyu ya koma shida, hagu har yanzu bata kai ƙarshe, ciwon kai ya tafi tun sati uku. Ya tambayi ko na taɓa ciwon wuya a da nace a'a sai dai irin na kwanciya ba daidai ba. Ya tambayi tuƙi, nace ina yi amma in na tsaya a danja idona na kan madubi, in na hango mota ta taho da gudu gabana faɗuwa yake har in damƙe sitiyari, kuma sati uku na farko Foleshill Road ɗin ma zagaye ta nake. Da kunya na faɗi wannan, namiji guda, amma haka ne.

Kafin in fita ya nuna min abin da ban taɓa kula dashi ba, wannan matashin kan na kujerar mota, ashe samansa ya kamata ya yi daidai da saman kanka kuma ya matso kusa da ƙeya. Nawa yana can ƙasa daidai wuya tun ranar da na sayi motar. Ina fitowa na gyara na sabuwar.

Juma'a, 20 ga Disamba

Rahoto ya fito. Hasashensa wata takwas daga ranar haɗari kafin wuya ya warke sarai, tsoron tuƙi kuma wata huɗu, ya kuma ce in yi fisiyo, wato jinyar da ake yi da atisayen motsa jiki. Wato layin 895 kenan.

Amma akwai kuskure biyu. Na farko ya rubuta sunan mahaifina a matsayin nawa, wannan kam mun saba. Na biyu ya rubuta sati huɗu nayi ban je aiki ba, alhali biyu ne. Maman Khalifa tace toh ai ba kai ka faɗa ba shi ya rubuta. Na kwana ina juya maganar, amma ko ba don komai ba takardun albashina zasu nuna na koma ranar 23 ga Oktoba, ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da suka haɗa biyun suka ga saɓani duk sauran maganata ta zama abin zargi. Shafin yana ba ka damar ka ce a gyara kuskure kafin rahoton ya je wajen inshora, na cike na tura.

Sai zaɓi biyu, ko in tura yanzu su yi tayi in karɓa kafin sabuwar shekara, ko in jira wata takwas ɗin su cika in ga ko da gaske na warke. In ka karɓa ka sa hannu an rufe kenan, ko wuyan ya dawo bayan shekara ba mai sauraronka. Aljihu na cewa karɓi, ga sanyi ga kuɗin wuta da gas, amma zan jira.

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Ba wani labari. Layin fisiyo na gwamnati yayi tsawo sai na biya na kuɗi, zuwa huɗu fam 45 kowanne. Matar ta koya min jan haɓa ciki kamar kunkuru da matse kafaɗu ta baya, sau goma goma safe da yamma, abin kamar wasa amma yana aiki in ka dage, ni kuma rabin lokaci mantawa nake sai madam ta tuna min. Tsoron danja ya tafi ban ma san ranar da ya tafi ba. Sabunta inshorata ta zo, sun ƙara min kuɗi duk da ba ni da laifi, na kira nayi ta masifa suka rage kaɗan.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shiga sati na biyu. Tarawihi ce ta nuna min ashe da saura, tsayuwar nan mai tsawo kai a sunkuye, zuwa raka'a ta shida sai in ji wani zare na ja daga bayan kunnen hagu zuwa kafaɗa. Dare biyu na ƙarasa a zaune kan kujera cikin dattawa, wani tsoho ɗan Pakistan na ta kallona yana mamaki. Da na karɓi kuɗin nan a Disamba da yanzu ina cizon yatsa ko da kuwa ƙarshenta lissafin bai canza ba, don hankalina ba zai kwanta ba. Na rubuta ranakun a littafi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Jiya aka ƙara farashin wiflash da kusan kashi 15 cikin ɗari, na ƙasa ya tashi daga 240 zuwa 275. Abokina na wajen aiki shi ya fara turo min da murna wai jirana ya yi rana. Na duba, ƙarin na waɗanda suka yi haɗari daga 31 ga Mayu 2025 ne zuwa sama, mu 'yan Oktoba muna kan tsohon farashi. Nace masa sai dai in a sake buge ni, kuma bana fata.

Wuya kam Alhamdulillah, tun wajen tsakiyar Mayu rabon da in ji shi. Ina sallama dama da hagu ba tare da na tuna ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Barkanmu da Sallah. Wata takwas sun cika jiya, yau na tura rahoto da jerin asara. Na zazzage ambulan ɗin WUYA a kan kafet: fisiyo 180, magani sau biyu 19.80, tasi da bas na kwanakin da ba mota na lissafa 46 amma rasit na 31 kawai na samu, sauran inaga sun bi wando cikin injin wanki, don haka 31 na saka. Albashi bayan an cire haraji da ɗan kuɗin jinyar da aka bani ya kama 690. Suna da kwana 20 na aiki su yi tayi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Tayi ya zo jiya, fam 1,550.80. Kallon farko naji daɗi har na kusa danna na amince, sai madam tace tsaya mu ɗauko kalkuleta. Ashe wuri biyu suka ɗan gutsura. Wuya sun saka 840 maimakon 895, kamar basu ga layin da likita ya rubuta maganar tsoron tuƙi ba. Albashi kuma 480, wai duti biyu daga cikin bakwai ɗin na ƙari ne ba sa cikin kwantiragina, ba tabbas da zan yi su.

Wannan ta bani haushi gaskiya, ni da na gyara musu sati huɗu zuwa biyu da hannuna. Amma masifa bata aiki a shafin, akwati ne kawai zaka rubuta a ciki ka liƙa takarda. Na tura musu takardun albashi na wata uku kafin haɗarin da ke nuna kusan kowane sati ina yin dutin ƙari, da hoton jadawalin aiki na Oktoba da sunana a kan ranakun tun kafin a buge ni, manaja ta bani wasiƙa layi uku. Na nuna musu shafi da sakin layin rahoton likitan. Na rubuta 1,815.80, ban ƙara ko kwabo don a yi ciniki ba, duk da Yaya yace in faɗi dubu uku su taya, nace Yaya ba kasuwar Sabon Gari bace. In mun kasa daidaitawa akwai ƙaramar kotu, amma ina fatan ba za a kai can ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ranar 15 suka dawo sun yarda da 1,815.80 ba wani dogon bayani, na danna na amince, suna da kwana 10 na aiki su biya. Yau da rana ina tsakiyar ba wata tsohuwa abinci naji waya ta yi motsi a aljihu, da na fita hutu na duba, alat ne. Wata tara da rabi.

In ka cire abin da dama nawa ne na kashe ko na rasa, 895 ɗin ce kuɗin wuyan. Yaya da yace kada in ja magana shi ya fara buga lissafi da canjin sama da naira dubu biyu, yace kai wannan ai ta doshi miliyan biyu, nace Yaya kuɗin hayanmu na wata ɗaya ne da 'yan canji. Na tura wa Hajiya wani abu, tace Allah Ya yi albarka, sannan ta tambaye ni yaron da ya buge ni yana lafiya dai ko? Nace rabona dashi tun ranar. Tace in na gan shi in gaishe shi.

Matar bas ɗin nan na tura mata saƙon godiya duk da ba a ma nemi shaidarta ba. Ambulan ɗin na saka shi cikin jakar fasfo, gobe ina da dutin safe.